Bas ɗin Surukina da Fentin Ƙofa

Ba zan taɓa mantawa da ƙaramar Sallar da na yi wa surukina gwaninta ba. Ko yau na bi ta gaban masu sayar da fenti a unguwar Zahir na shaƙi warin nan, sai in ƙara sauri. Wanda zai yi dariya ya yi. Ni ma na yi, amma sai da aka shekara.

Tun da maigidana Malam ya rasu na koma wurin 'yata Hindatu a unguwar Kudai, nan ƙasa mai tsarki, hawa na uku. Gidan suruki ke nan, a faɗi gaskiya. Shekara tara muna gida ɗaya ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Ya gaishe ni daga bakin ƙofa, in amsa ina kallon bango. Sunansa kuwa ba ya fita daga bakina, don sunan Malam gare shi. Baban Amira nake cewa, shi ma sai ta kama dole. (Yaran da aka haifa a nan dariya suke yi mini, wai su har hira suke da surukansu a waya. Allah Ya shirya.) Abin da nake tsoro a duniya guda ɗaya ne: ranar da za a ce tsohuwar nan ta zama kaya a gidan. Shi ya sa ba na zama. In na ga datti sai na goge, in na ga yagewa sai na ɗinke, ko ba a sa ni ba.

Baban Amira mutumin kirki ne. Makanike ne a wurin manyan motocin da ke kai mutane Harami. Aibinsa ɗaya: ƙato da shi, gemu ya fara furfura, amma motocin wasan yara yake tarawa. Irin na da, na ƙarfe, masu nauyi a hannu. Ya sa su cikin durowar gilashi a ɗakin baƙi, sun fi arba'in. Ranar Juma'a bayan La'asar sai ya shimfiɗa jarida, ya ɗauko wasu 'yan kwalabe kamar na kwalli da burushi siriri kamar gashin ido, ya duƙufa a kan mota ɗaya har a kira Magariba. Wadda ta zo masa a koɗe, sai ka gan ta tana sheƙi.

Ni a idona wannan durowa jere ce. Mu da muka tashi da jeren kwano mun san ƙa'ida: ba a barin mai tsatsa a gaba ranar Sallah. To a tsakiyar jeren nan, a sahun gaba, akwai wani bas, tsawonsa bai kai tafin hannuna biyu ba. Ruwan ƙwai ne a da, amma ya koɗe, gefensa duk ya ɓantare, rufinsa kuma an yi masa zane-zane da ƙusa, irin ɓarnar yara. Duk ya gyara sauran ya bar wannan. Na ce a raina bawan Allah bai samu lokaci ba ne.

Goman ƙarshe na azumi ba a ganinsa a gida, motoci ba sa hutawa, shi ma haka. Ana saura kwana uku Sallah Hindatu ta tafi kasuwa da Amira. Na gama goge-gogena, na tsaya gaban durowa ina kallon bas ɗin nan, yana kallona. Sai na tuna akwai ragowar fentin da aka yi wa ƙofar ƙarfen soro, kore shar, a bayan tankin ruwa. Na hau da gwiwoyin nan nawa na sauko da shi. Burushi kuma ban taɓa nasa ba, ina da kunya. Sabon asuwaki na ɗauka na daddaka bakinsa da muciya har ya yi laushi.

Wallahi da bismillah na fara.

Shafa ta farko na gane aikin nan ba irin shafen ɗaki ba ne. Fentin ya yi kauri kamar kunun kanwa da ya kwana. Ya gangara kan tagogi. Na sa gefen zani in goge, ya ƙara dama wurin. Na ce to bari in shafe tagogin duka su zama iri ɗaya. Ya shiga ƙafafun, suka daina juyawa. Zanen rufin nan kuwa sai da na yi masa shafi uku kafin ya ɓace. Da na gama, abin da ke hannuna bai yi kama da mota ba. Ya fi kama da sandar sabulun wanki mai ƙafa huɗu.

Duk da haka ban karaya ba. Na ce in ya bushe zai yi kyau. Na shimfiɗa masa ɗan kyallen leshi fari a cikin durowa, na ɗora shi, na rufe gilashi. Na kunna turaren wuta har sau biyu saboda wari. Hindatu ta dawo tana tari, ta ce, "Inna, yau kuma aljanu kike kora?" Na ce Sallah ce ta matso.

Sai ga farcena. Kore, duka goma, har cikin kunne-kunnen. Na wanke da omo, na dirza da lemon tsami, na kankare da wuƙa. Ko gezau. Na kwaɓa lalle na ƙunsa a kai. Da na cire, launin da ya fito ban san sunansa ba a Hausa, balle Larabci. Kamar ruɓaɓɓen ganyen alayyafo. Daga ranar hannuna bai sake fitowa daga cikin hijabi ba, ko a ɗakin girki.

Ana gobe Sallah muna soya cincin ni da Hindatu, ta ce, "Gobe fa Am Bakur zai zo da mutanensa bayan Azahar." Am Bakur wani dattijo ne haifaffen nan, kakanninsa Katsinawa, shi ne uban masu wannan wasan motocin. Ta ce, "Bas ɗin Baba zai gani, wai zai ɗauke shi hoto."

Na ce, "Wane Baba?"

"Mahaifin Baban Amira mana. Ai direban alhazai ne, shekara da shekaru yana jigilar Arfa da Muzdalifa. Kamfaninsu ne ya raba wa direbobi ƙananan bas irin wanda suke tuƙawa. Ya kawo masa yana ɗan shekara biyar, ya rubuta sunan ɗan nasa a rufin da ƙusa. Bai fi wata biyu ba ya rasu. Ko ni Baban Amira ba ya bari in goge masa ƙura."

Rubuta. Ta ce rubuta.

Ni a lokacin ban san alif ba in na gan shi a hanya. Fatiha da ƙananan surori da ka na haddace su. Abin da na ɗauka ɓarnar yara ce, ashe hannun mamaci ne. Cincin ɗin da ke kan wuta ya ƙone ƙurmus ina tsaye a kansa. Hindatu ta ce, "Inna, lafiya?" Na ce azumi ne.

Na so in faɗa mata, Allah Ya sani. Sau uku ina buɗe baki. Amma in na faɗa mata, ita za ta faɗa masa, shi kuma ba zai ce mini komai ba, kuma wannan shirun shi ne abin da ba zan iya ɗauka ba. Na lallaɓa in tura bas ɗin bayan sauran motoci, na tarar ya manne da leshin, leshin ya manne da katako. Na bar shi. Har lissafi na yi na inda zan koma: akwai wata ƙawata a Zahir mai ɗaki ɗaya da kyanwa uku. A sallar Idi mutane na roƙon Aljanna, ni ina roƙon Allah Ya sa Am Bakur ya yi mura.

Bai yi ba. Da ƙafarsa ya zo, da mutum biyu. Ina bayan labulen da ya raba ɗakin baƙi da tsakar gida, na yi kamar ina jera kofunan gahawa. Na ji an gaisa, an yi barka da Sallah. Na ji Baban Amira yana cewa, "Tafaddal, Am Bakur, ga shi nan a gaba." Na ji ƙarar gilashi.

Na ajiye kofunan.

Na leƙa ta gefen labule. Surukina ya kama bas ɗin ya ɗaga, leshin ya biyo shi yana reto kamar mayafin amarya. Ɗaya daga cikin baƙin ya toshe baki da ƙarshen rawaninsa. Baban Amira ya sunkuya kan bas ɗin. Babban yatsansa kawai yake gogawa a kan rufin, a hankali, yana neman abin da ba ya nan.

Am Bakur ya karɓa, ya sa tabarau, ya shinshina. Hausarsa a karye take, rabi Larabci. Ya ce, "Wannan buya, wannan fenti, ta ƙofa ce, ya waladi. Bai bushe ciki ba, alhamdulillah. Za ta fita. Amma lazim in san wace iri. In na sa maganin da ba nata ba, zai cinye har na asali, har rubutu. Halas, ya tafi."

Baban Amira ya kira Hindatu bakin labule, murya ƙasa-ƙasa. Ta rantse ba ta sani ba. Sai ya ce, "Kira mini Amira." Yarinya 'yar shekara bakwai, tana can da sabuwar rigarta da jakar barka da Sallah. Ta zo ta ga fuskar ubanta, ta fara ja da baya tun ba a tambaye ta ba.

To nan ne fa. Ina iya jure a ce tsohuwa ta zama kaya. Ba na iya jure a ce ta laɓe bayan jikarta.

Na matsa jikin labule. Hannuwana biyu na zaro daga hijabi na tura su ta tsakiyar labule, cikin ɗakin maza, ranar Sallah, gaban baƙi uku. Farce goma, launin ruɓaɓɓen alayyafo. Ban san tsawon lokacin da suka yi a can ba. Ni dai na ji kamar an yi La'asar an yi Magariba.

Am Bakur ne ya fara magana. "Hajiya, gwangwanin yana nan?"

Na ce, "Yana bayan tanki."

"Da me kika shafa?"

Na ce, "Da asuwaki."

Wani ya shaƙe da gahawa. Am Bakur ya ce, "Masha Allah. Shekara arba'in ina wannan shugul, ban taɓa ganin wanda ya yi wa mota sunna ba."

Sai na ji bakina yana magana da surukina kai tsaye, karo na farko a shekara tara. Na ce, "Baban Amira, ni ce. Na ga ya koɗe ne, na ce kar baƙi su gani. Ban san rubutu ba ne. Ban iya karatu ba." Wannan ta ƙarshen ita ta fi yi mini ciwo, don ban taɓa faɗinta da ƙarfi ba.

Ya dubi farcen nan. Sannan ya ce, "Inna, mayar da hannunki. Amira, je ki yi wasa." Ya hau soro da kansa, da farar jallabiyarsa ta Sallah, ya sauko da gwangwanin.

Juma'a bakwai suka yi a kai shi da Am Bakur, da auduga a bakin tsinke, ɗigo-ɗigo. Ni kuma Juma'a bakwai ina kai gahawa bakin labule ina kasa kunne. Bai canza mini fuska ba, gaisuwarsa ba ta ragu ba, kuma hakan bai sa na samu barci ba. Ran da rubutun ya fito, ya aiko Hindatu da bas ɗin a kan faranti in gani. Ruwan ƙwan ya dawo, ɓantarewar ta dawo, zanen ƙusa ya dawo. Ƙafar baya ɗaya ce kawai ta zauna kore. Hindatu ta ce Am Bakur ya so ya cire, shi ya ce a bar ta, wai yanzu tsofaffi biyu ne suka sa masa hannu.

Na kalli zanen nan na ga har yanzu zane ne a wurina. Satin nan na bi wata maƙwabciyarmu ajin manyan mata da ake yi da hantsi. Na zauna da allo da biro, ni da furfurata, malama sa'ar Hindatu tana yaba mini da "Shaɗira, ya Hajja" kamar 'yar yaye. Daga baya Amira ta ƙara mini da boko, shi ne kuke karantawa yanzu.

Bayan wata biyar, wata Juma'a da safe, na ga ba kowa a ɗakin baƙi. Na tsaya gaban durowa, hannuna a baya, na manna hanci da gilashi. Na bi haruffan rufin nan ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, yadda malama ta koya mana. Na haɗa su. Suka fito daga bakina gaba ɗaya, sunan da na shekara hamsin ban faɗa ba, na Malam, na surukina.

Daga bayan kujera, inda Baban Amira yake durƙushe yana neman murfin kwalba, na ji an ce, "Na'am, Inna?"

Ban fito daga ɗakina ba sai Magariba.

Abin da na koya: a gidan mutane, in ka ga an bar abu da tsatsarsa, tambaya tukuna, wataƙila tsatsar ake ajiya. Kuma in Allah Ya ba ka karatu da tsufa, ka dinga yi a zuci.