Rasuwar Gwaggo, Injin Sassaƙa Ƙarfe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa masu cike da baƙin mai, Injiniya Abdulrazak Maazou na Villeurbanne yana sanar da 'yan uwa na Lyon da Paris rasuwar Gwaggo, injin sassaƙa ƙarfen da ya ƙera da hannunsa.

An haife ta a 2009, a ɗakin ajiya na ƙarƙashin bene, lokacin yana ɗalibi kuma injin kanti ya fi ƙarfinsa. Zuciyarta motar injin wanki ce, hannuwanta daga tsofaffin injinan buga takarda, ƙwaƙwalwarta wata ordinata, wato kwamfuta, da jami'a ta yar. Ya yi mata alkawarin za ta je Damagaram ta gyara ƙafafun amalanke. Ba ta taɓa wuce bakin ƙofa ba.

Marigayiya mai biyayya ce: abin da aka rubuta mata shi take yi, har kuskuren. Ba ta fara aiki sai ta yi mita, "giiirrr, tak, tak", shi ya sa aka ba ta sunan. Ta sassaƙa cibiyar ƙafafun kekuna da yawa, wasu ma sun fito da'ira.

Ciwon ajali ya fara da rawar jiki da warin ƙuna. Likitoci biyu, masu digirin dokta, sun duba ta, suka ce a kashe a kunna. A haka Malam Bukari na Saint-Denis ya aiko da ƙafar keken guragunsa, wadda aka daina sayar da sandarta. Ya yi wata bai je Juma'a ba. Abdulrazak ya san aikin zai iya gamawa da ita, ya kunna. Ta sassaƙa sandar tsaf, ta ce "fuuu", hayaƙi ya tashi. Malam ya samu sahun gaba a makon.

Ta bar mai ita, da buhu uku na ɓarɓashin ƙarfe, da uwargida Shamsiya, wadda ta ɗauki rashin da haƙuri mai ban mamaki, har ta auna wurin don firiza.

Za a kai ta makwancinta, wurin tara tsohon ƙarfe na unguwa, ranar Asabar bayan la'asar. Ba a buƙatar kuka. Ana dai roƙon masu ta'aziyya su ci abinci kafin su zo, don marigayiya tana da nauyi, kuma matakala ce.