Ranar da Na Auna Gidan Alhaji

Na sayi madubin hangen nesa mai auna nisa don farautar zabin daji, ina ta cika baki. Garin gwaji na hau soronmu a Ƙofar Guga, ban aika wa maƙwabta cewa namiji zai hau sama ba. Na saita wata zabuwa, ashe a tsakar gidan Alhaji maƙwabcina take, mata na wanki.

Alhaji ya fito, ya ɗaga kai. "Malam, mita nawa ne tsakaninka da iyalina?"

Allah Ya yafe mini, na duba na ce, "Talatin da biyu."

Sai da mai unguwa ya sa baki. Har yau in na doso majalisa sai a ce, "A ja labule, ga Talatin-da-biyu nan."