Lallen da Ban Sa Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da ƙafafuna suka tona mini asiri a bakin masallacin unguwarmu a Jega Firchin.

Shekarun farkon zuwan Nasara ne. Wani Bature mai sayen fatu ya zauna a bakin gulbi, ya dasa inabi kamar gindi talatin, ya yi musu rumfuna da gora. Ni ɗan manoman albasa ne daga Aliero, na san ban ruwa, sai ya ɗauke ni aikin lambu. Idan inabin ya nuna, akan zuba shi a ƙwarya babba a tattake, a tace ruwan a tuluna shida, a rufe a ɗaki mai sanyi. Kowa ya san abin da ruwan ke zama.

A lokacin ladaninmu ya tsufa, ana maganar a ba ni ladanci (muryata ce kawai, karatuna bai wuce izu goma ba). Liman ya kira ni ya tambaye ni aikina. Na ce, "Ban ruwa kaɗai, Allah gafarta Malam. Ko ƙofar ɗakin tulunan ban sani ba." Na faɗi haka da ƙarfi don na bayan sahu su ji.

Wata Alhamis kukun Baturen, wanda shi ke tattakawa, ya kwanta da kurkunu. Bature ya nuna mini ƙwaryar. Ban yi musu ba, na naɗe wando na shiga. Kuma in faɗi gaskiya, sanyin abin ya yi wa ƙafata daɗi.

Ban yi tunanin kaushi da faso ba. Ruwan ya shige kowace tsaga ya zauna. Na goge da dutse, na goge da toka, ƙafa ta ƙara fitowa jajir mai duhu har idon sawu.

Da azahar na tsuguna alwala a gefe. Sai ga Umaru marini, taubashina, ya tsuguna kusa da ni.

"Mi as samu ƙafarka?"

"Lalle na sa, saboda faso."

Ya kama diddigena ya juya shi kamar mai duba zane a kasuwa. "Shekara talatin ina rini, ban taɓa ganin lalle mai wanga launi ba. Ku taho ku ga amarya."

Mutane suka taru. Liman ya iso, ya duba, ya ce, "Ka taka ko ba ka taka ba?"

"Ban sha ba, Allah gafarta Malam."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Na ce na taka. Ya ce in yi istigfari, in shiga sahu. Ladanci kuwa aka ba wani mutumin Kimba mai murya kamar ta akuya.

Na bar aikin, na tuba, ina fatan Allah ya karɓa. Launin ya fita cikin mako uku. Takawar, mutane sun manta da ita tun da daɗewa. Ƙaryar ce ta zauna. Yau ina da furfura da jikoki, amma baƙo in yana neman gidana, sai ya ce gidan Amarya kafin a gane. Abin da na koya shi ne, in mutum ya rasa yadda zai yi sai ƙarya, to ya zaɓi wadda zai iya amsa sunanta har tsufa.