Yadda Za Ka Hana Ɗan Ƙasa Sha'awar Aikinka

Kai mai neman takardar zama a Amurka ta hanyar aiki, gyara zama. Shekara talatin na yi a Houston. Ban yi boko ba, amma na ga abin da lauya bai gani ba. Bi matakan nan, takarda ta zama taka, ko da rabin gari na zaman kashe wando.

1. Ka san dokar

Kafin ma'aikatar ƙwadago ta buga maka hatimi, sai maigidanka ya tallata aikinka a jaridar Lahadi sau biyu, ya nuna babu ɗan ƙasa da ya iya shi. Wato kujerarka za a kai kasuwa kana zaune a kanta.

2. Ka duba lokaci

Eusebio, mutumin ƙasar Salvador mai gasa burodi a shagon Doña Herminia, bai duba ba. Ya matsa mata ta sa tallar a watan da aka rufe babban kamfanin burodin unguwar. Na ce ya dakata, ya ce 'yarsa Maritza ta gaji da jira a gida, kuma sai da takardar zai kawo ta. Mutum arba'in da ɗaya suka nema.

3. Ka muzanta aikin

Duk wanda ya zo, ya same ka cikin gumi, dafe da ƙugu, kana nishi. Murmushi haramun ne. Da haka Eusebio ya sallami arba'in.

4. Kada ka ciyar da kowa

A nan ya faɗi. Na ƙarshen wani dattijo ne, Wendell, wata takwas ba aiki, ya zauna a benci yana murza hula. A garin su Eusebio ba a barin baƙo da baki a bushe, sai ya miƙa masa burodi mai zafi da kofi. Wendell ya gutsura, ya ce gishiri ya ɗan yi kaɗan. Maimakon Eusebio ya haɗiye maganar, sai ya ja shi bakin tanda wai su gwada. Doña Herminia ta leƙo, ta tarar da ɗan ƙasa yana kwaɓa fulawa kamar a cikin kwano aka haife shi.

Ta ce wa Eusebio, "To ɗana, ni zan yi wa gwamnati ƙarya, ko kai za ka yi?"

Lauya ya ce a jira wata shida a sake daga farko.

5. In ta ɓaci, ka riƙe wanda ya ɓata ta

Ta ɗauki Wendell aiki. Yanzu an sake talla, Wendell ɗin ke zama bakin ƙofa dafe da ƙugu, yana rantse wa masu zuwa cewa tandar nan ce ta cinye masa gira. Eusebio kuwa an hana shi taɓa butar kofi.

Maritza dai tana can tana jira. In ka bi maganata aka kama ka, ban san ka ba, ban iya karatu ba, ni burodi kawai na shigo saye.