Banatin Sajan Gwadabe

Idan ana lissafa mazan da Allah ya yi wa garin Jos baiwa da su, duk wanda bai fara da Sajan Gwadabe ba, to baƙo ne. Jarumi ne na gaske, kuma ba a bakin kowa muka ji ba, a bakinsa muka ji. Tun da aka rage sojoji a shekarar 1977 aka sallamo shi, Laranto ba ta sake kwana cikin jahilci ba. Kullum da hantsi zai zauna a teburin mai shayi na bakin kasuwar katako, ya ajiye banatinsa kusa da kofi, wato wuƙar nan da soja ke ɗaurawa a bakin bindiga, ya shiga raba ilmin yaƙi kyauta ga duk wanda ƙaddara ta zaunar a bencin.

"Harsashi ɗan aike ne," in ji shi, "yana iya ɓatan hanya, yana iya kai saƙo gidan da ba a aike shi ba. Banati kuwa, kai da ƙafarka kake kai saƙo. Sojan zamani ya lalace. Ya kwanta cikin rami yana harba sama, wai shi yana yaƙi. Mu kuwa abu uku muka sani. Soke! Murɗe! Zare!"

Daga nan ya sami suna Sajan Soke-Murɗe. Da ya ji, sai ya ɗauka lambar girma ce, ya ƙara wa gashin bakinsa mai.

Mutanen da ya soke a yaƙin basasa kuwa, Allah ya sa musu albarka, domin suna haihuwa. Da ya zo su tara ne. Kafin damina ta ɗauke sun zama ashirin da uku. Bayan babbar salla suka tsaya a arba'in da ɗaya, har da wani manjo mai gemu.

Ana nan sai 'yan fashi suka dami kasuwa. Da rana tsaka, rana na kallon kowa, suka tare wani ɗan katako da bindiga suka ƙwace masa sabuwar motar ɗaukar kaya. Ƙungiyar 'yan katako ta zauna ta ce a ɗauki masu gadi goma sha biyu, a nemo wanda zai horar da su. Kafin a gama faɗin "nemo", Sajan ya miƙe ya sara.

Mutum biyu ne kawai suka yi gardama. Na farko Emenike, mai babbar rumfar katako, wanda yaƙin ya cinye wa yatsu biyu yana ɓangaren masu neman ɓallewa. Na biyu Dung, tsohon kofur, mutum marar surutu, wanda ya yi nasa yaƙin a ɓangaren tarayya, yanzu kuma yana cikin masu neman gadin.

"Oga Sajan," in ji Emenike, "ni wata talatin na yi a daji. Wannan wuƙa, gwangwani na ga yana buɗewa, rogo na ga yana tonawa. Mutum mai bindiga ba ya jira ka zo kusa. Ku sayi usur, ku gyara ƙofa, ku san hanyar kiran 'yan sanda."

Dung ya gyaɗa kai. "Gaskiya ne. A bariki mun soki buhu har hannu ya yi kanta, yana sa zuciya ta yi zafi, ban musa ba. Amma a filin daga ban taɓa ganin wanda ya kai ga sokewa ba."

Mutum biyu da suka yi kusan shekara uku suna harbin juna, yau bakinsu ya zo ɗaya. Da wani ne, da ya ji kunya. Sajan dai murmushi ya yi irin na malami da ɗalibai suka kasa tilawa.

"Shi ya sa ku naku ɓangaren ya sha kashi," ya ce wa Emenike. Ya juya ga Dung. "Kai kuma shi ya sa ka ƙare a kofur."

Aka ba shi aikin, domin a taro mai ƙarar murya shi ke da gaskiya.

Aka fara horo a filin bayan kasuwa. Bindiga babu, saboda haka kafinta ya sassaƙa guda goma sha biyu da ragowar katako, aka ɗaure wa kowace wuƙar mahauta a baki da robar tayar keke. Aka rataye buhunan garin katako a jikin turaku. Sajan ya fito da tsohon kakinsa, ya tsaya a kan kututture.

"Wannan ba buhu ba ne! Abokin gaba ne! Ku dube shi cikin ido!"

Buhu dai ba shi da ido, amma wa zai faɗa? Sati shida ana soka, ana murɗawa, ana zarewa, ana ihu har kajin unguwa suka daina ƙwai. A faɗi gaskiya, ba a taɓa jin buhu ko ɗaya ya tsira ba. Ƙofar kasuwa kuwa tana nan a karye yadda take. Dung ya tuna masa sau biyu. Sajan ya ce soja ba kafinta ba ne.

Namiji barkono ne, sai an tauna ake sanin yajinsa. Ranar wata Laraba, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, ana tsakiyar sokewa, sai aka ji tau! tau! daga gaban kasuwa. 'Yan fashin sun dawo. Dung ya yar da bindigar katako, ya ruga ta bayan rumfuna yana korar mata masu abinci su kwanta ƙasa. Sauran sha ɗaya suka zuba wa Sajan ido.

Sajan ya diro daga kan kututture. Babban kwamanda ba ya rasa dabara.

"Za mu zagaye abokan gaba! A bi ni!"

Harbi yana yamma, Sajan ya yi gabas. Zagaye ne mai faɗi ƙwarai, irin wanda ba a koyarwa a ƙananan makarantun soja. Suka tsallake kwalbati, suka ratsa gonar kabejin wata tsohuwa, suka bi ta bayan wani gareji. Ba su tsaya ba sai da suka ɓulla Titin Bauchi, inda ko ƙarar igwa ba za a jiyo daga Laranto ba.

Nan motar 'yan sanda ta ci birki a gabansu. An buga musu waya cewa gungun 'yan fashi sun harbi wani direba a ƙafa sun gudu, kuma ɗayansu yana sanye da kakin soja. Ga kuwa mutum sha biyu suna haki, kowa da wuƙa, na gaba cikin kaki. Aka lode su.

A ofishin 'yan sanda Sajan ya ɗauka an kawo shi ne a nemi shawararsa. Ya gyara hula, ya dubi Sufeto kamar kurtu.

"Kai yaro ne, ba za ka san ni ba. Da wannan banatin na aika mutum arba'in da ɗaya lahira. Jini ba baƙona ba ne."

"Madalla," in ji Sufeto, ya juya ga mai rubutu. "Rubuta, ya amsa da bakinsa. Gobe sai kotun 'yan fashi."

Baki shi ke yanka wuya. Duk Jos an san abin da kotun nan ke yankewa: a jingina mutum da durom, a ɗaure, a kira jama'a kallo. Sajan ya taɓa zuwa kallon, har ya yi ta kushe yadda masu harbin suka riƙe bindiga. Yanzu sai ya ga durom ɗin a gabansa ƙiri-ƙiri. Sai ya zube gaban Sufeto.

"Ranka ya daɗe, a tsaya! Wallahi ko kaza ban taɓa sokewa ba! A aika gida, a ce wa Balaraba ta kawo takardar da ke ƙarƙashin adaka!"

Kafin la'asar matarsa Balaraba ta iso da takardar sallamarsa naɗe cikin tsumma. Emenike da Dung suka biyo ta don su shaida cewa mutanen nan masu gadi ne, bayansu kuma rabin kasuwa, suka cika tagogi. Sufeto ya warware takardar ya karanta da ƙarfi. Gwadabe, sajan, mai kula da sito na barguna da gidajen sauro, Kaduna. Daga farkon yaƙi har ƙarshensa.

"Ka taɓa haye kogin Binuwai?"

"Ban taɓa ba, ranka ya daɗe. Jirgin ruwa yana sa ni amai."

"Manjo mai gemu fa?"

"Ƙarya ce, ranka ya daɗe. Duk ƙarya ce. Emenike, don girman Allah, gaya masa!"

Emenike ya dube shi, ya shafa wurin yatsunsa biyun da babu.

"Oga Sufeto, wannan mutum ba ya kashe kowa. Buhu kawai."

Dariya ta ɓarke daga tagogi har bakin titi. Sufeto ya sa aka saki masu gadin, amma ya ce a riƙe wuƙaƙensu, domin doka ta hana yawo da makami. Aka tattara su sha ɗaya a kwali. Da aka zo kan banatin Sajan, Sufeto ya ɗaga shi ya juya, sannan ya miƙa masa ta wajen ƙota.

"Ungo, Baba, tafi da abinka. A hannunka wannan ba makami ba ne."