Ranar Da Na Kai Wuƙar Kakana A Yi Mata Kuɗi

Ko tsufa zai kwashe min komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai wuƙar kakana Utai don a yi mata kuɗi ba. Har gobe idan na ji kiɗan gangi, ko a rediyo ne, sai in ji hannuna ya tafi ƙuguna da kansa.

Kakanmu Malam Ɗanbaba maharbi ne na ji da gani. Ban riske shi sosai ba, sai labari. Wuƙarsa ta farauta tana wajen Gwaggo Asabe, 'yarsa ɗaya da ta rage, kuma wata shekara da ta ga jiki ya fara ƙi sai ta aika in zo. Ta zaro wuƙar daga ƙasan adaka, a naɗe cikin tsohon zane, ta ce, "Babana, sunansa aka sa maka, kai ya kamata ka riƙe."

Ɗanta Sale yana zaune a bakin ƙofa. Abokin wasana ne, manomi ne a Utai, kuma shi kaɗai ne a cikinmu yake bin farauta har yanzu. Ya daɗe yana kwaɗayin wuƙar nan, kowa ya sani.

"Inna, wannan za ki ba wa?" in ji shi. "Mutumin da ko kazar Sallah sai ya nemo maƙwabci ya yanka masa? Wallahi sayarwa zai yi."

Na ɓata rai na ce Allah ya sawwaƙe, ni ba irin wannan jikan ba ne. (Jama'a, irin wannan jikan ne. Tun a hanyar komawa Wudil na fara duba waya, na ga yadda Turawa suke rububin tsofaffin wuƙaƙe, har na fara tunanin sake rufin ɗakina.) Amma na ƙudurta a raina ko zan sayar ko ba zan sayar ba, Sale ba zai taɓa ganin wuƙar nan a hannunsa ba.

Wuƙa ce mai kyau, ba na musu. Kubenta na jar fata ne da ya koma baƙi saboda shekaru, ƙotarta ta ƙaho ce, kuma a gindin ruwanta akwai wata alama kamar sawun tsuntsu. Ran Juma'a na kai ta kasuwa wajen wani mai sayar da wuƙaƙe. Ya jujjuya ta ya ce shi bai san alamar ba, amma in je wurin Sarkin Baka a Utai, shugaban maharban yankin, shi zai gaya min wanda ya ƙera ta da abin da za ta yi.

Washegari bayan la'asar na sa sabuwar shadda mai ruwan ƙasa, na kafa hula, na hau babur. A tunanina zan samu tsoho shi kaɗai a zaure, mu yi ƙus-ƙus in dawo. Ashe ranar ake sunan jikansa. Ƙofar gidan cike take da maharba da karnukansu, ga makaɗan gangi a gefe, ga mata suna leƙe ta saman danga. Ga kuma Sale a tsakiyar mutane yana cin waina, yana ganina ya washe baki.

Na durƙusa gaban Sarkin Baka muka gaisa, gida, iyali, gajiya, barka da arziki, ya mai jego. Sai na sunkuya na raɗa masa abin da ya kawo ni. Ashe kunnen tsoho ya yi nauyi.

"Me ka ce, yaro?"

Dole na zaro wuƙar daga aljihun kaftani na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya zare ta a hankali, ya shafa alamar nan da babban yatsa. Sai na ga idonsa ya kawo ruwa.

"Ta Ɗanbaba ce," in ji shi da ƙarfi, irin na wanda ba ya ji sosai. "Ƙirar wani maƙeri ce na Indabo, ya daɗe da rasuwa, shi yake sa sawun fakara. Ƙotar nan ƙahon barewa ne, a gabana aka harbe ta. Kai jikansa ne? Allahu akbar."

Kalmar "nawa za ta yi" tana kan harshena ke nan sai babban makaɗin, da ya ji an ambaci Ɗanbaba, ya juya ganginsa ya saki taken kakana. Sauran suka amsa. Mutane suka dare suka yi fili, Sarkin Baka ya damƙa min wuƙar tsirara, ya ce, "Tashi, kiranka ake yi."

To, a nan ne abin ya lalace. Ni duk abin da na sani game da irin wannan taro a waya na gani: a kaɗa wa mutum, ya yi kirari, ya yaye riga ya dinga goga wuƙa a cikinsa ba ta kama shi ba. Ban san wannan aikin 'yan tauri ba ne, waɗanda suka sha maganin ƙarfe. Na ɗauka duk wanda aka kaɗa wa take haka ake so ya yi. Na waiga na ga Sale ya ajiye wainarsa ya naɗe hannu yana jira in gudu. Na ce a raina wallahi sai dai a kwashe ni.

Kuma in faɗi gaskiya, kiɗan ya shige ni. Ni da ake auna wa hawan jini duk wata, sai ga jikina yana tsuma. Na daka tsalle na faɗa fili, na ɗaga wuƙa sama na fara kirari. Ban san na kakana ba, don haka na ƙirƙiri nawa: "Sai ni jikan Ɗanbaba, na Asabe mai wuyar karo, wanda ba ya makara a ofis!" Mata suka rangaɗa guɗa. (Daga baya na gane dariya ce ta fi yawa a cikin guɗar.)

Dabarata mai sauƙi ce: in yaye kaftani, in ɗora bayan wuƙar a cikina, kaifin yana kallon waje, in ja sau ɗaya da sauri in zauna. Na cije bakin kaftanin da haƙora, tumbina ya bayyana a gaban jama'ar Utai. Na ji Sarkin Baka yana cewa wani abu, amma kiɗa ya hana ni ji.

Sanyin ƙarfen nan yana taɓa fatata sai tsoro ya dawo gaba ɗaya. Cikina ya shige ciki da kansa, abin da likita ya yi ta fama da ni bai samu ba. Wando ya yi sako-sako, wuƙa ta zame ta shiga tsakanin cikina da bakin wando, ni kuma na fizge ta sama da ƙarfi irin na jarumai. Ko ƙara ban ji ba. Zariyar wandona ta rabu biyu kamar an yanka taliya, wandon shadda ya sulale ya zauna a idon sawuna.

Gangi ya tsaya cak. Ina tsaye, wuƙa a sama, kaftani a baki, ga wani gajeren wando mai zanen furanni da uwargida ta sayo min a gwanjo. Wani kare ya matso ya shinshina shaddar da ke ƙasa. Daga bayan danga na ji wata tsohuwa ta ce, "Ikon Allah, kamarsu ɗaya da marigayi, har ƙafafun." Sai wurin ya fashe da dariya. Kunya ta sa har na manta cewa sakin kaftanin kawai zan yi ya rufe ni, sai da makaɗin ya yi min nuni da bakinsa.

Na sunkuya zan ja wando, amma wando mai faɗi da ba zariya ba ya riƙuwa da hannu ɗaya. Ina ja ta dama yana zubewa ta hagu. Sale ya matso yana share hawayen dariya.

"Kawo in riƙe maka," in ji shi.

Na miƙa masa wuƙar da hannuna, a gaban shaidu, ba wanda ya tilasta ni.

Da na koma gaban Sarkin Baka, hannu biyu a ƙugu, ya daɗe yana tari kafin ya iya magana.

"Yaro, wa ya aike ka? Ɗaga ta kawai za ka yi, ka yi wa kakanka addu'a, ka sallami makaɗa. Ɗanbaba bai taɓa shan tauri ba. Yana tsoron wuƙar nan fiye da kowa, shi ya sa ya mutu a kan shimfiɗarsa da hanjinsa a ciki."

Duk da haka ban haƙura ba (kun dai ga irin halina). Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Baba, to a ganinka nawa za ta yi?"

"Wa zai saya?" in ji shi, yadda kowa zai ji. "Mu nan ba ma sayen wuƙar mamaci, gadonta ake yi. Kuma ga ta can a hannun mai ita."

Na waiga. Sale ya riga ya mayar da ita kube ya soke a ɗamararsa, kuma ta zauna masa ɗas, abin haushi. Da igiyar ɗaure akuya na ɗaure wandona na hau babur zuwa Wudil.

Da labari ya kai wa Gwaggo, ta yi dariya har sai da aka ba ta ruwa, sannan ta ce, "Babana, bar masa. Na fi son ka da ranka." Ban sake tayar da maganar ba. Sale kuwa duk Sallah sai ya aiko min da sabuwar zariya.

Abin da na koya shi ne, kafin ka tambayi darajar abin da ka gada, fara tambayar yadda ake riƙe shi. Idan kuma ka ji ana kaɗa taken kakanka, yi masa addu'a kana zaune.