Tiyon Kabejin Mama a Birkin Baba

"Baba, don Allah mu kira makanike!"

"Makanike? A gidan Blagoy? Yarinya, motar nan ni na raine ta. Ko tari ta yi a bayan dutse na san ciwonta."

Ka ji babana Blagoy ke nan. Bakinsa ya gyara jirgin sama ma, hannunsa ne dai bai taɓa gama ɗaure ƙusa ba. Motar kuwa tsohuwar jif ce, ta girme ni, ta girmi auren iyayena. Birkinta ya yi laushi, in ka taka kamar ka taka dafaffen dankali. Kuma daga ƙauyenmu zuwa garin Smolyan gangara ce zalla, kwana kan kwana.

Ni kuma ranar ce zan yi karatu a gaban jama'a a laburaren gari, da tsakar rana. Bara da malama ta tsayar da ni a aji, in'ina na dinga yi har aka sa mini suna Rumi Ka-ka-ka. Bana kuwa na cinye littattafai, so nake masu dariyar nan su ji da kunnensu.

"Iska ce kawai ta shiga," in ji Baba. "Hau ki taka mini."

Ya shige ƙarƙashin mota da sifana.

"Taka! Riƙe! Saki! Na ce riƙe!"

"Saki ka ce!"

"To a zuciyata riƙe nake nufi!"

Na taka har cinyata ta ɗau zafi. Na ce, "Baba, yanzu fa har ƙasa yake kaiwa."

"Alamar sauƙi ke nan."

Ya fito gashin bakinsa na ɗigar man birki. Ashe yana ta tsiyaye man ta ƙasa, bai ƙara ko ɗigo a sama ba. Ya juye ɗan guntun da ya rage a kwalba, ya ce mota mai hankali ba ta shan mai da yawa.

Da ya tayar da inji sai muka ji "ssss" kamar maciji. Tiyon da inji ke zuƙar iska ta cikinsa don birki ya yi ƙarfi ne ya tsage. Baba ya ɗaga yatsa sama, ya sauka ɗakin ƙasa, ya dawo da tiyo a hannu. Tiyon duron da Mama ke jiƙa kabeji a ruwan gishiri ya yi tsami ne, wanda take hurawa don ruwan tsamin ya gauraye. Ko kyanwar gidanmu ta san ba a taɓa shi.

"Baba, Mama za ta kashe mu."

"Tiyo ai tiyo ne. Kabeji ya san bambanci?"

Ko zazzage shi bai yi ba ya jona. Inji ya zuƙi ruwan tsami, ya ƙware, ya yi tari, tiyon ya langaɓe kamar taliyar da ta dahu ta wuce. Salansa ta tuttuɗo farin hayaƙi. Tsoho Stoycho maƙwabcinmu, da ke ɗaura wa jakinsa amalanke, ya leƙo ta shinge yana shinshina.

"Blagoy, miya ake yi? A zuba da ni."

"Sabuwar fasaha ce, tsoho, ba za ka gane ba!"

Sai ga ihun Mama daga ɗakin ƙasa. Ashe tiyon a gindin duron yake, da Baba ya fizge shi ruwan ya malale kaf, kabejin da za mu ci duk lokacin sanyi ya zauna tsirara.

"BLAGOY!"

"Rumi, matsa, lokacin gwaji ya yi!"

Ya shure dutsen da ke tare taya, ya faɗo ciki. Mota ta fara gangarawa. Ya taka birki. Ya sake takawa. Ya dinga takawa kamar mai ɗinki da keke. Muka kwashe igiyar shanya da dogon wandonsa, kaji suka watse, muka ratsa shinge, muka nutse cikin tulin ciyawar Stoycho, bus!

Ciyawa har cikin bakina.

Baba ya gyara hula, ya dube ni. "Kin gani? Ta tsaya."

"Ciyawa ce ta tsayar da ita!"

"To wa ya saita ta kan ciyawar?"

Na leƙa ta taga. Jakin ya ƙaraso har ya fara cin abinci a kan bonet.

"Kaka Stoycho, gari za ka?"

"Gari za ni, 'yar nan."

"Jakinka yana tsayawa in an ce ya tsaya?"

"Tun kafin a ce ma."

Na ɗauki littafina, na kaɗe shi. Baba ya riƙo hannun rigata. "Haba Rumi, 'yar injiniya guda a kan amalanke? Me mutane za su ce? Ba ni minti biyar, na gano matsalar!"

Na waiga. Ga Mama nan ta tsallako ɓarakar shinge, siket jiƙe sharkaf, muciya a hannu.

"Ita ma ta gano ta," na ce.

Na diro, na maka ƙofar da duk ƙarfina. Sauran tulin ciyawar ya rufto, ya binne mota da injiniyanta, ni kuwa na haye amalanke na buɗe shafin farko.